Ku Gaishe Ta, Kada Ku Kama Hannunta

Asabar, 9 ga Satumba, da hantsi

Ƙirji da sauƙi yau. Tarin bai tashe ni ba sai gab da asuba. Gwiwar hagu tana nan da halinta. Na ci rabin burodi da ɗan wake, na haɗiye ƙwayar hawan jini.

Amma ba wannan ya sa na ɗauko biro ba. Tahani ta bugo waya! Abla Tahani, wato Malama Tahani, shugabar makarantar makafi ta garinmu, wadda ta gaji kujerata da na yi ritaya. Ni na ɗauke ta aiki tana yarinya, ko allon rubutun makafi ba ta iya riƙewa daidai ba. Ta ce, "Ustaz Abdushshafi, kana zaune?" Na ce, "Da ina zan kasance, filin ƙwallo?" Ta yi dariya, ta ce an amince. Rawiya, 'yar Hajji Sabri mai sayar da hatsi, wadda ta fi kowa maki a ajin ƙarshe na firamare, za ta shiga makarantar 'yan mata ta bakin gada. Makarantar masu ido. Benci ɗaya da su, jarrabawa ɗaya da su.

Duk shekarun da na yi ina shugabancin makarantar nan wannan nake roƙo, kullum a ce mini, "Ba yanzu ba, Ustaz." Ashe zan gani da raina.

Sharaɗi ɗaya ne. Uban ya ce ba shi da mai kai ta da ɗauko ta: uwar tana kwance, shi kuma yana shago tun safe. In yarinyar ba ta iya zuwa da ƙafarta ba, sai dai ta zauna a gida. Saura mako biyu a buɗe makarantu. Tahani ta ce, "So nake ka shirya mata titi, irin yadda kake yi a da." Kuma wane titi ne? Nawa! Ta ƙarƙashin tagata za ta riƙa wucewa.

Tahani za ta zo ranar Alhamis mu sha shayi, mu tsara.

Lahadi, 10 ga Satumba, bayan azahar

Umm Milad, maƙwabciyata ta hawan ƙasa, ta kawo mini miyar lalo ta tarar ina goge takalmi. Ta tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu.

"Aure za ka ƙara, Ustaz?"

"Aiki zan fita."

"Kai? Kai da sai ka huta sau uku kafin ka sauka bene? Na rantse da Budurwa Maryamu, in ka faɗi a titi ba ni zan kwaso ka ba."

Na zaunar da ita na yi mata bayani, don ita ma tana ciki, tana sayar da ƙwai a ƙofar gidan. Ni ban taɓa koya wa yaro ƙirga taku ba. Mai ƙirga, da zarar an yi masa magana lissafi ya zube. Abin da nake yi shi ne in bi titin shago shago, in roƙi kowa abu biyu. Na ɗaya, in yaron ya zo wucewa a gaishe shi da sunansa, daga inda ake zaune, kullum daga wuri ɗaya. Muryoyin nan su ne alamun hanyarsa: in ya ji mai burodi a hagu ya san inda yake, in ya ji mai guga ya san kwana ta kusa. Na biyu, shi ne mai wuya: kada a kama hannunsa. Mutanenmu ba sa iya ganin makaho su bar shi. Sai su fizge shi su tsallakar da shi titin da bai yi niyyar tsallakewa ba, su sake shi can, su tafi suna jin sun sami lada, shi kuma bai san gabas ba bai san yamma ba.

Umm Milad ta ce, "To ni me zan ce mata?"

"Ki ce, barka da asuba, Rawiya."

"Shi ke nan? Ba zan ba ta ko ƙwai ɗaya ba?"

"Ranar Juma'a ki ba ta goma."

Na cinye miyar duka. Rabon da in cinye kwano tun rasuwar Insaf, matata.

Talata, 12 ga Satumba, da la'asar

Na yi titin! Tun daga gidan burodi har gada. Da ƙyar, amma na yi.

Bekhit mai burodi ya gane ni tun daga nesa, ya fito da gari har gira. "Ustaz! Mun ɗauka ka koma Kuwait wurin ɗanka." Na ce ɗana ma bai san ko ina nan ba. Ya amince nan take, ya ce a zamanin babansa ya ga na yi wa wani yaro haka, yaron da yanzu yake limanci a ƙetaren kogi. Mai guga ya amince. Mai kemis ya ce zai fito da kujera waje don muryarsa ta fi fita. Mai gyaran rediyo ya yi alkawarin rage ƙara da safe, ban yarda da shi ba.

Wanda ya ba ni wahala Shahat ne, mai matse ruwan rake a daidai inda ake tsallaka titi zuwa gada, mahadar tuktuk, kekunan hayar nan masu ƙafa uku. Ƙato ne mai zuciyar jariri.

"Ustaz, yarinya makauniya, ga tuktuk suna gudu kamar aljanu, ni kuma in tsaya ina kallo? Me zan ce wa Allah?"

"Ka ce masa Abdushshafi ne ya hana ka."

"Kai za ka tsaya mini ranar hisabi?"

"Ai zan riga ka zuwa, sai in yi bayani tun kafin ka iso."

Ya yi dariya, sannan ya ɗora hannu a kan Alƙur'anin da ke saman injinsa ya yi alkawari. Ya ba ni kofi biyu, ya hana ni ciro ko sisi. Likita ya hana ni zaƙi. Na sha duka biyun.

Alhamis, 14 ga Satumba, da magariba

Tahani ba ta sami hawowa ba, tana da taro. Amma da safe ta kawo Rawiya bakin titi muka yi gwajin farko.

Yarinya ce siririya mai baki. Da na gaishe ta sai ta ce, "Kai ne Ustaz ɗin da aka ce yana tafiya da tarin makullai don yara su ji zuwansa su daina ɓarna?" Na ce don su ji zuwana kada su tsorata. Ta ce, "A makaranta ba haka ake ba da labarin ba."

Ta kama farar sandarta ta shiga gaba. Ni ina baya, hannuwana a harɗe a bayana, kamar yadda nake sa kowane malami ya yi in yana bin yaro. Hannun da ke baya ba ya kai wa ga kama kowa. Tahani tana ɗaya gefen titin.

Bekhit ya yi gaisuwar da ƙarfin da ya tayar da tattabaru. Rawiya ta ce, "Baffa Bekhit, makauniya ce ni, kunnena lafiya lau." Titi ya ɗauki dariya. Sau biyu ta kauce, sau biyu ta gyara da kanta. A wurin tsallakawa ta tsaya ta saurara, ta saurara, sannan ta wuce. Na ga Shahat yana murɗa tawul a hannu kamar zai yaga shi.

Da na dawo na kasa zama. Na yi ta zagaya ɗaki ina gaya wa hoton Insaf.

Tahani ta ce Alhamis mai zuwa za ta hawo.

Lahadi, 17 ga Satumba, da hantsi

Gwaji na uku, ba kuskure ko ɗaya. Na manta ƙwayar safe, ban ma ji komai ba. Saura mako guda!

Talata, 19 ga Satumba, da magariba

Ba zan rubuta komai ba yau.

Laraba, 20 ga Satumba, bayan azahar

Ƙirji ya matse. Ban ci ba.

An yi wa Rawiya ɗinki a haɓa. Hannun bai karye ba, targaɗe ne. Sandar ce ta tafi, ta shiga ƙarƙashin taya.

Umm Milad ta hau sau biyu. Ta ce duk titi sun shaida tuktuk ɗin yana nesa, da an bar yarinyar da ta ji shi ta tsaya, don har ta fara tsayawa. Na ce mata na sani, ai ina wurin. Ina baya. Nesa kaɗan.

Na bugo wa Tahani, ba a ɗauka ba.

Alhamis, 21 ga Satumba, da la'asar

Shahat ya hawo. Bai buɗe shago ba tun ranar. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki, kansa ya kusa taɓa fanka, yana kuka kamar an mutu.

"Wallahi Ustaz ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Na ga tuktuk, sai kawai na ji ni na fizgo ta na kai ta ɗaya gefen. Na sake ta ina cewa alhamdu lillahi. Ina zan san za ta juya ta koma cikin titi?"

"Ita a saninta ba ta tsallaka ba tukuna. Tsallakawa ta je yi."

"Ka tsine mini, Ustaz."

"Zauna, kana tare mini iska."

Na ba shi shayin da na dafa saboda Tahani. Na ce ya je ya buɗe shagonsa, muryarsa tana cikin hanyar yarinyar nan ko ya so ko ya ƙi. Ya ce wace hanya kuma, Hajji Sabri ya rantse ba za ta sake taka titin ba.

An ce an kira Tahani ofishin ilimi na lardi. An ce ta huta a gida tukuna. Wasu na cewa wani abu, wasu na cewa wani. Ba zan rubuta abin da ban ji daga bakinta ba.

Asabar, 23 ga Satumba, bayan azahar

Na je shagon Hajji Sabri. A tuktuk na je, ba yadda zan yi.

Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya aika a kawo shayi, ya zauna a kan buhun masara. Mutumin kirki ne, gashin bakinsa kamar tsintsiya. Ya bar ni na gama magana tsaf.

"Ustaz, girmanka ya wuce in yi maka musu. Amma kai ɗanka yana da ido biyu, yana Kuwait. Ni ita ke nan gare ni. Na ɗauke ta jini na zuba a rigata. Ta zauna gida ta yi hadda, ba abin da zai same ta."

"Ba abin da zai same ta kuwa. Ko alheri."

"Ustaz..."

"Hajji, shekarunka nawa? Ranar da aka ɗauke ka zuwa maƙabarta, wa zai kama hannunta?"

Ya juya yana gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi. Na san na yi tsauri. A da in na yi wa uba wannan tambayar ina da ofis da tebur a gabana. Yau tari ne ya kama ni a gabansa har sai da ya riƙe mini kofi.

Shi ya tsayar mini da abin hawa. Ya ce wa direban ya tafi a hankali.

Lahadi, 24 ga Satumba, da safe

An buɗe makarantu. Titi cike da 'yan mata da sababbin jakunkuna. Na rufe taga.

Talata, 26 ga Satumba, da hantsi

Dole in rubuta wannan, har yanzu dariya nake yi!

Kowace safiya Hajji Sabri yana bi ta titinmu da amalankensa na jaki zuwa shago, ba shi da wata hanya. Yau ina kwance sai na ji muryar Bekhit: "Barka da asuba, Rawiya!" Na tashi da gudu, ni da gudu, na buɗe taga. Ba Rawiya. Ubanta ne a kan amalanke da gashin bakinsa. Ya waiga hagu da dama. Ya matsa gaba kaɗan, mai guga ya ɗaga kai: "Barka da asuba, Rawiya!" Sai Umm Milad daga kan ƙwanta, da muryarta mai fasa kunne. Sai mai kemis, a kan kujerarsa, da farar rigarsa, ba ko murmushi. Har mai rediyo ya rage ƙara ya yi tasa.

Da Umm Milad ta hawo na ce, "Aikinki ne wannan."

"Ni? Ni mai ƙwai ce. Kai ka ce mu yi gaisuwa kullum daga wuri ɗaya. Ba ka ce mu daina ba."

Allah ya sani ban sa su ba. Amma ban hana ba. Na ci burodi guda cur da cuku.

Laraba, 27 ga Satumba, da hantsi

Sun sake. Yau har yaran makaranta sun taya su. Jakin ma ya fara tsayawa a kowane shago.

Alhamis, 28 ga Satumba, da la'asar

Da safe ya tsayar da amalanke daidai ƙarƙashin tagata.

"Ustaz Abdushshafi! Leƙo!"

Na leƙa.

"Ka hana mutanenka! Na zama abin dariya a kasuwa. Jiya wani ya zo sayen alkama yana ce mini Hajji Rawiya!"

"Ba mutanena ba ne, Hajji. Mutanenta ne."

Ya cire hula ya share gumi. Sai ya rage murya, har sai da na kasa kunne sosai. Ya ce tun ranar da aka cire wa Rawiya bandeji, kullum da safe sai ta ɗauki sandar mofa ta bi tsakar gida daga bango zuwa bango, tana gaishe da kanta da muryar Bekhit, da ta mai guga, da ta Umm Milad, ɗaya bayan ɗaya, tana amsawa. Uwar tana jin ta daga kan gado tana kuka. Ya ce, "Har muryar Shahat take yi, Ustaz. Ba ta cire shi ba."

Na shiga ciki na ɗauko farar sandar da ke bayan ƙofa, wadda yara suka ba ni ranar da na bar aiki. Na ninke ta na sa a kwandon da nake zura wa mai burodi, na sassauta igiya a hankali har ya sauka gaban fuskarsa. Kwandon ya daɗe yana lilo. Duk titi an yi tsit, ana yi kamar ana aiki.

Ya ɗauka. Ya tura ta ƙarƙashin buhu, ya kaɗa jakinsa, ya wuce.

Na dafa shayi da la'asar ko da Tahani za ta zo. Wayarta tana shiga, ba a ɗauka.

Asabar, 30 ga Satumba, da magariba

Zazzaɓi. Na gwada sauka, a hawa na farko na zauna, Umm Milad da Shahat suka mayar da ni. Likita ya ce kada in sake taka bene sai ya ce. In gobe ne Rawiya za ta fito fa? Wa zai bi bayanta? Na goge takalmin duk da haka.

Lahadi, 1 ga Oktoba, da hantsi

Ta wuce! Ta wuce! Bari in rubuta a jere kada in manta komai.

Tun da gari ya waye ina taga da bargo a kafaɗa. 'Yan mata suka fara wucewa. Sai na ji Bekhit daga can farkon titi, a hankali wannan karon, kamar mai gaida babban mutum: "Barka da asuba, Rawiya." Sai wata 'yar murya ta amsa. Sai ƙwas, ƙwas, ƙwas na sanda a kan dutse. Na san ƙarar sandar nan.

Ga ta da rigar makaranta, tabo a haɓa, jaka a baya. Mai guga ya gaishe ta. Umm Milad ta gaishe ta, muryar ta karye a tsakiya. Ni ba na cikin jerin, ai ni mai bin baya ne. Amma da ta zo daidai tagata bakina ya riga ni: "Barka da asuba, Rawiya!"

Ta tsaya cak, ta ɗaga kai.

"Ustaz, kai ba ka cikin hanya. Daga sama kake, ka rikita mini lissafi."

"Yi haƙuri, 'yata."

"To tunda ka fara, sai ka riƙa yi kullum. Daga wuri ɗaya."

Ni ake gaya wa! Ta ci gaba.

A bayanta, nesa kaɗan, ga Hajji Sabri a ƙasa, ba amalanke. Hannuwansa a harɗe a bayansa, na dama ya damƙe wuyan na hagu kamar wanda ya kama ɓarawo. Ban taɓa koya masa ba. Ita ta gaya masa, na tabbata.

Na leƙo har rabin jikina yana waje don in ga wurin tsallakawa. Shahat yana tsaye a ƙofar shagonsa, ya rungume damin rake da hannu biyu, ya ƙanƙame shi a ƙirji don kada hannun ya sake tafiya. Ya yi gaisuwarsa. Ta amsa. Ta tsaya a bakin titi. Tuktuk ɗaya ya wuce. Babur ya wuce. Wata mata da ba 'yar unguwa ba ta miƙo hannu za ta kama ta, sai titi gaba ɗaya ya ɗauka, "A'a! Bar ta!" Matar ta ja da baya a tsorace. Rawiya ta karkata kai, ta saurara, ta sa sanda, ta tsallaka.

Uban bai tsallaka ba. Ya tsaya a wannan gefen har ta shige ƙofar makaranta, sannan ya saki hannunsa, ya zauna a bakin shagon Shahat. Na ga Shahat ya miƙa masa kofi.

Na bugo wa Tahani, ta ɗauka! Muryarta ƙasa ƙasa. Na ba ta labari tun daga Bekhit har gada, ina tari ina ci gaba. Na tambaye ta batun ofis, ta ce, "Bar wannan, Ustaz. Sake gaya mini wurin raken." Na sake. Ta ce Alhamis za ta zo, wallahi za ta zo.

Talata, 3 ga Oktoba, da safe

Na gaida Rawiya daga taga. Ta ce malamar lissafi tana rubutu a allo tana cewa "wannan da wannan", ita kuma ta ɗaga hannu ta ce wanne da wanne. In Tahani ta zo zan ce a je a zauna da malaman nan, akwai abubuwa biyar da dole su sani. Na fara jera su.

Alhamis, 5 ga Oktoba, bayan magariba

Zazzaɓin ya sauka. Ƙirji dai sai a hankali.

Na sa Umm Milad ta sayo basbusa, kek ɗin nan mai zaƙi, irin mai kwakwa da Tahani take so tun tana sabuwar malama. Na sa kwat. Na fito da kofuna biyu na baƙi, na jawo kujerar Insaf kusa da taga don ta ga wurin tsallakawa da idonta. Abubuwan nan biyar sun zama tara.

Da aka tashi makaranta Rawiya ta wuce tare da wasu 'yan mata biyu, suna ta surutu, ba wadda ta riƙe ta. Ba ta ma ji gaisuwata ba sai da na maimaita.

Duk motar da ta tsaya sai na leƙa. Umm Milad ta hawo ta kalli kofunan, ta kalle ni, ta yanki basbusa ta ci a tsaye, ba ta yi mini tsiya ba ko ɗaya.

Gobe Juma'a, jibi Asabar, ba makaranta, ba wanda zan gaisar. Lahadi da sassafe ina taga.

An yi kiran salla. Shayin ya huce. Tahani ba ta zo ba.